Dutsen wasa wuƙa na daimon: Abin da ke kashe shi da yadda za ka gane ko da sauran ransa

Ana gobe jajiberen Babbar Sallar da ta gabata na isa Wurogauri, cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo a Jihar Kebbi, ɗauke da tsarabar da nake ganin babu kamarta a gidan baffana. Wani faranti ne na ƙarfe, tsawonsa bai wuce tafin hannu da rabi ba, an lulluɓe fuskarsa da ƙananan ƙwayoyin daimon, wanda wasu ke kira lu'u-lu'u. Ta intanet na saye shi, kuma mai tallar ya rubuta cewa dutsen wasa wuƙa ne da ba ya cinyewa.

A ranar farko ya fitar da ni kunya. Wuƙar yankan Baffa, wadda ta shekara rataye cikin kube, ta ɗauki kaifi cikin 'yan mintoci. Labari ya zaga maƙwabta. Kafin la'asar ta jajibere yara sun yi ta shigowa da wuƙaƙen gidajensu, wasu da maiƙon miya a jiki. Har adda biyu da gatari ɗaya sai da aka gurza a kansa, samari na karɓa-karɓa, kowa na danna iya ƙarfinsa.

Da aka sauko idi aka zo fiɗa, sai farantin ya ƙi ci. Fuskarsa ta yi baƙi, ta yi sumul, wuƙa na zamewa a kai kamar a kan tangaran. Dattijon mahaucin da ke yi wa gidan fiɗa duk shekara ya shafa shi da babban yatsa, ya miƙo min, ya ce an cuce ni. Daga nan ya tsuguna gaban tsohon mawashin gidan, wani dutse da tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru, ya yayyafa ruwa ya ci gaba da aikinsa.

Na jefa farantin cikin jaka da jiƙarsa. Bayan mako uku na ciro shi da ɗigo-ɗigon tsatsa. Sai daga baya, da na wanke shi na gwada, na gane mafi yawansa na nan da rai, kuma ɓangaren da ya mutu mu ne muka kashe shi da hannunmu cikin yini guda.

Irin wannan faranti har yanzu baƙo ne a ƙauyukanmu, amma yana ƙara shigowa ta hannun masu sayen kaya a intanet da masu dawowa daga birane. Yanzu da wata layyar ke ƙaratowa, ya kamata wanda ya saya, ko yake shirin saye, ya san abin da ya riƙe.

Me ya sa kaifin wuƙa yake da muhimmanci?

Ga mai yanka, kaifi ibada ya shafa tun kafin ya shafi aljihu. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausi, wanda shi ne na 17 cikin Arba'una Hadisi na Imam Nawawi da yara ke haddacewa a Islamiyya, ya sanya wasa wuƙa da sauƙaƙa wa dabba cikin abubuwan da ake nema ga mai yanka. Malamai kuma sun karhanta a wasa wuƙar dabbar na kallo, abin da ke nufin aikin wasawa ya kamata ya ƙare tun kafin a kayar da rago.

A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Gwandu da sauran Arewa, yanka shi ne yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Idan mutum ya ɗage hannu kafin ya kammala, ya daɗe sannan ya dawo, naman na iya haramta. Dakusasshiyar wuƙa ce ta fi jefa mutum cikin wannan hali, kuma duk wanda ya san kuɗin rago a 'yan shekarun nan ya san girman asarar.

Sai kuma fata. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin da fatake ke ratsa Sahara da fatunta, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Darajar fata na faɗuwa da zarar an huda ta ko an zabge ta wajen fiɗa. Wuƙar da ba ta ci tana sa mai fiɗa ya ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfi kuma shi ke sa ta kufce ta huda fata, ko ta sauka a yatsa. Mahauta, waɗanda a wannan yanki ake kira Rundawa, sun daɗe da sanin cewa dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanke mai ita.

Bambancinsa da mawashin gargajiya

Kafin a fahimci yadda farantin daimon ke lalacewa, sai an fahimci abin da ya raba shi da dutsen da muka gada.

Duk wani mawashi yana aiki ne saboda ƙwayoyinsa sun fi ƙarfen wuƙa tauri. A 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10 wanda ake amfani da shi har yau. A kan wannan ma'auni ƙarfen wuƙa na tsakanin 5.5 da 6.5. Ƙwayar yashi, wadda masana ke kira kwatz, tana kan 7. Ke nan da kaɗan ta fi ƙarfe, amma wannan kaɗan ɗin ya isa ta ci shi sannu a hankali.

Dutsen yashi ba baƙo ba ne a nan. Masana ilimin ƙasa sun sanya wa shimfiɗar dutsen yashi da yumɓu da ta mamaye yankin Birnin Kebbi da kewaye sunan Gwandu, kuma a cikinta ne ake samun tsaunukan nan masu shafaffen kai da ake hangowa daga hanya. A sassa da dama na duniya dutsen yashi ne mawashin farko da mutane suka sani.

Amfanin irin wannan dutse shi ne daga samansa har ƙasansa abu ɗaya ne. Idan ƙwayoyin sama suka dakushe sai su zube, sababbi su fito daga ƙarƙashi. Haka ma dutsen nan mai fuska biyu, ruwan toka, da ake sayarwa a kasuwanni, wanda ake haɗawa a masana'anta da alminiyum oksaid ko silikon kabaid masu taurin 9 ko sama da haka kaɗan. Kana danna shi yana cinyewa, yana kuma sabunta kansa. Aibinsa shi ne tsakiyarsa na lotsawa.

Farantin daimon ba haka yake ba. Asalinsa faifan ƙarfe ne. Ana tsoma shi cikin ruwan sinadarin nikel, a zuba garin daimon a fuskarsa, a saki wutar lantarki. Nikel ɗin sai ya riƙa taruwa a kan ƙarfen yana rufe gindin kowace ƙwaya, har ya binne kusan rabinta ko fiye, ya bar kanta a waje. Shimfiɗa ɗaya ce tak. Babu komai a ƙarƙashinta sai ƙarfe.

Ƙwayoyin kuma ƙanana ne ƙwarai. Kamfanin DMT na Amurka, wanda aka kafa a 1976 kuma yana cikin sanannun masu ƙera irin wannan faranti, yana sanya ƙwaya mai girman maikron 45 a kan farantinsa mai lamba 325, maikron 25 a kan mai lamba 600, da maikron 9 a kan mai lamba 1200. Maikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum na kaiwa wajen maikron 70. Ma'ana, duk abin da ka biya kuɗi dominsa bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba.

Daimon na kan 10 a ma'aunin Mohs, kuma tazarar da ke tsakanin 9 da 10 babba ce, don ya ninka abin da ke bi masa tauri kusan sau huɗu. Saboda haka ƙarfen wuƙa ba ya iya cinye shi cikin sauƙi. Sai dai tauri daban, jure duka daban: ƙwayar daimon na iya tsagewa, kuma nikel ɗin da ke riƙe da ita ya fi ta laushi nesa ba kusa ba. Mafi yawan farantan da suka mutu, ƙwayoyinsu ne suka tsige ko suka karye.

Yaya aka yi daimon ya yi arha haka?

Wani zai yi mamakin yadda ake sayar da abu mai daimon a kan kuɗin da bai kai na wayar hannu ba. Dalili shi ne ba na haƙowa ba ne. A 1953 kamfanin ASEA na ƙasar Suwidin ya haɗa daimon a ɗakin gwaji amma ya ɓoye labarin. A Disambar 1954 wani masani mai suna Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya yi nasarar haɗa shi ta hanyar da za a iya maimaitawa, ta matse sinadarin kabon, wato dangin gawayi, cikin tsananin zafi da matsi. A yau Chaina ce ke samar da mafi yawan daimon ɗin masana'antu a duniya, musamman a lardin Henan.

Saboda haka garin daimon ba shi ne abu mai tsada a jikin farantin ba. Abin da ke raba mai kyau da na banza shi ne ingancin nikel ɗin da ya riƙe ƙwayoyin, da daidaiton girmansu, da kuma shafewar faifan ƙarfen. Masu arha galibi siririn faifai ne da aka manna a kan roba, wanda ke iya lanƙwasa, kuma lambar da aka buga a jikinsa ba lallai ta dace da abin da ke kai ba.

Hali uku da ake ɗauka mutuwa ce

Idan farantin ya daina ci kamar da, ɗayan abu uku ne ya same shi, kuma ɗaya ne kawai cikinsu ba shi da magani.

Na farko shi ne laushin farko. Sabon faranti na zuwa da wasu ƙwayoyi da suka fi sauran tsawo, da wasu da nikel bai riƙe su sosai ba. Su ne ke sa shi cin ƙarfe da zafi a kwanakin farko, yana barin manyan zane a bakin wuƙa. Bayan wuƙaƙe kaɗan sai su zube, farantin ya daidaita, ƙararsa ta ragu. Wannan ba lalacewa ba ce. A lokacin ne ma yake komawa ainihin lambarsa, kuma a wannan hali zai iya daɗewa yana aiki. Masu ƙera shi da kansu suna gargaɗin masu saye game da haka. Matsalar ita ce mutum ya riga ya saba da zafin ranar farko, sai ya ɗauka an yaudare shi, ya ƙara danna wuƙa don ya dawo da abin da ya tafi.

Na biyu shi ne toshewa. Duk wasawa na fitar da garin ƙarfe. A kan dutsen gargajiya garin na tafiya tare da ƙwayoyin da ke zubewa. A kan farantin daimon babu abin da ke zubewa, sai garin ya cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi. Idan ya haɗu da kitse ko jini ko man gyaɗa sai ya zama kamar kwalta, ya shafe fuskar baki ɗaya. Wuƙa na bi ta kan dattin ba tare da ta taɓa daimon ba. Wannan shi ne babban abin da ya samu nawa a safiyar Sallah, kuma shi ne zai fi samun na mahauci ko mai tsire, wanda wuƙarsa ba ta rabuwa da maiƙo.

Na uku shi ne mutuwa ta gaskiya, inda ƙwayoyin suka tsige suka bar nikel tsirara, ko nikel ɗin kansa ya ɓare daga jikin ƙarfe. Wannan ba ya gyaruwa a gida.

Yadda za ka gwada naka

Ka fara da wanki, domin duk gwajin da aka yi a kan faranti mai datti ƙarya zai faɗa. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin goge baki sun wadatar. Idan baƙin ya ƙi fita, ka bari ya bushe ka goge shi da robar goge rubutun fensir ta 'yan makaranta. Za ka ga tana naɗe dattin tana fitar da shi.

Bayan haka ka haska fitilar wayarka daga gefe. Wurin da ke da rai zai riƙa ƙyalƙyali ɗigo-ɗigo kamar yashi a rana. Wurin da ya mutu zai yi sheƙi sumul kamar bayan cokali.

Sai gwajin kwalba. Ka ɗauki kwalbar gilashi da ba ka buƙata, ka goga gindinta a hankali a wurare daban-daban na farantin: tsakiya, gefuna da kusurwoyi. Inda ya zana gilashin, da sauran daimon. Inda kwalbar ta zame ba alama, ya tafi. Ka tabbata babu yashi a kai, don yashi ma na zana gilashi.

Gwaji na ƙarshe da wuƙa ake yi. Ka shafa maka a bakin wuƙar, ka ja ta sau biyar ba tare da dannawa ba. Idan tawadar ta goge kuma ka ga sababbin zane a ƙarfen, farantin na aiki, ko da yatsanka na ce maka ya yi sumul.

Da na yi wa nawa waɗannan gwaje-gwaje, sai na tarar wani fili a tsakiya, mai girman babban yatsa, ya mutu murus. A nan ne aka gurza adduna da gatarin. Sauran fuskar duk tana zana kwalba.

Abubuwan da ke kashe shi

Babban makashinsa shi ne nauyin hannu. Wanda ya tashi da dutsen yashi ya saba dannawa, domin ƙwayar yashi da kaɗan ta fi ƙarfe tauri, sai an taimaka mata da ƙarfi. Wannan sabon shi ne ke bin mutum zuwa kan farantin daimon. A nan kuwa dannawa na nutsar da ƙwayoyin cikin ƙarfen wuƙa, ja ɗaya sai a fizge su daga cikin nikel. Nauyin wuƙar da na yatsu biyu ya isa.

Na biye da shi shi ne ƙarfe mai laushi. Abin zai zo wa mutane da mamaki, amma adda da gatari da fartanya da kwasa sun fi wuƙa mai tauri cutar da shi. Ƙarfe mai laushi na barin ƙwayar ta nutse sosai, ya kama ta, kuma garinsa ya fi saurin toshe fuska. Ga su da nauyi, ga faɗin bakin da za a ci. Waɗannan aikin magagari ne, ko maƙera. Haka ma lauje a lokacin yankan shinkafa a fadama: lanƙwasarsa ba ta dace da shafaffen faranti ba, gefen farantin kawai zai riƙa ci.

Sai tsinin wuƙa da gefen faranti. Idan tsini ya soki fuskar, yana iya tsige layi guda na ƙwayoyi. Idan kuma aka riƙa jan wuƙa tana faɗawa ta gefe, nikel ɗin bakin farantin ne zai fara ɓarewa.

Wuƙar da ta yi giɓi ma ba a fara ta a kan faranti mai laushi. Cire giɓi na buƙatar cin ƙarfe mai yawa, kuma gajiya ce ke sa mutum ya fara dannawa. A kai ta wurin maƙeri, ko a fara da dutse mai kaushi. Idan injin masu walda za a kai ta, a lura kada bakin ya yi zafi har ya canza launi zuwa shuɗi, don hakan na warware taurin da maƙeri ya ba ta lokacin da ya gasa ta ya tsoma a ruwa ko mai.

Akwai kuma yashi. Mun saba goge tukunya da yashi ko soson ƙarfe, amma a kan wannan faranti yashi na cin nikel ɗin da ke tsakanin ƙwayoyi, sai gindinsu ya fito su zube. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa ma a wanke ta kafin a ɗora wuƙa. Wasu na amfani da farantin wajen daidaita tsohon dutsen da ya lotsa. Yana yin aikin, amma laka mai kaushin da ke fitowa na cin nikel da sauri. Idan ya zama dole, a yi da faranti mai kaushi da aka ware don haka, ana zuba ruwa a kai ba ƙaƙƙautawa.

Na ƙarshe shi ne tsatsa. Daimon ba ya tsatsa, nikel ma yana jurewa, amma faifan da ke ƙasa ƙarfe ne, kuma garin da ya maƙale a sama ma ƙarfe ne. Jan ɗigon da ake gani a fuska sau da yawa garin ne ya yi tsatsa, robar goge fensir na fitar da shi. Mai haɗarin shi ne tsatsar da ta shiga ta gefe ko ta wani rami, ta bi ƙarƙashin nikel ta ɗaga shi. Da yake layya na faɗowa a farkon damina a 'yan shekarun nan, barin faranti da jiƙarsa cikin leda ko jaka na mako biyu ya isa ya jawo haka. Kada kuma a jiƙa shi da ruwan batir ko ruwan gishiri ko sinadarin cire tabon tufafi.

Yadda ake wasawa da shi

A wanke wuƙar da sabulu tukuna, a cire kitse da jini. A ɗora farantin a kan jiƙaƙƙen tsumma bisa benci ko turmi da aka kife, don kada ya zame. A yayyafa ruwa, in an so da ɗigon sabulu. Ba ya buƙatar a jiƙa shi tun da wuri kamar wasu duwatsu. Baƙin mai da man girki suna da kauri, suna ɗaga wuƙa daga kan ƙwayoyin kuma suna tara datti.

Ga yawancin wuƙaƙen nama, kusurwar digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe ta yi. Hanya mai sauƙi ita ce ka tsayar da wuƙar a miƙe a kan farantin, ka kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin abin da ya rage, sannan ka ɗan ƙara ƙasa kaɗan. Maka za ta nuna maka ko kana cin bakin ne ko bayansa.

Ka riƙa bin duk tsawon farantin, kana juya shi lokaci zuwa lokaci, don kada tsakiya kaɗai ta ɗauki wahalar. Ka ci gaba da gefe ɗaya har ka ji wani siririn leɓe na ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen idan ka shafa daga bayan wuƙa zuwa baki. Sai ka juya ka yi wa ɗayan haka. Daga nan ka rage nauyin hannu, kana ja ɗaya nan ɗaya can, har leɓen ya kusa ɓacewa. Ka ƙarasa a kan fata, kamar yadda wanzamai ke yi wa aska. Idan ruwan ya yi baƙi ana cikin aiki, a ɗauraye a zuba sabo.

Ba duk lokacin da wuƙa ta daina ci ne take buƙatar faranti ba. Sau da yawa bakin ne ya kwanta gefe ɗaya, musamman in ya taɓa ƙashi. Sandar ƙarfen nan da wasu mahauta ke ratayawa tana miƙe shi cikin daƙiƙu ba tare da an ci ƙarfe mai yawa ba. Wanda ke amfani da ita tsakanin yanka da yanka zai rage wa farantinsa aiki, ya kuma ƙara wa wuƙarsa kwana, domin daimon na cin ƙarfe da sauri kuma wuƙar da ake kai masa kullum za ta sirance da wuri.

Idan an gama, a wanke wuƙar kafin ta taɓa nama saboda garin ƙarfe. A wanke farantin, a tsane shi da busasshen tsumma, a jingine shi ya sha iska, sannan a naɗe shi shi kaɗai. Kada a jefa shi cikin akwatin da ƙarafa za su riƙa bugun fuskarsa.

Kafin ka saya

Ba kowa ne ke buƙatarsa ba. Wuƙar maƙera, wadda galibi ake ƙerawa da tsohon sifirin ɗin mota, tana ɗaukar kaifi mai kyau a kan dutsen gargajiya ko dutsen kasuwa mai fuska biyu. Wanda zai fi ganin amfanin daimon shi ne mai wuƙar kanti mai tauri da ba ta tsatsa, wadda ke gajiyar da dutsen yashi, da mai buƙatar shafaffiyar fuska da ba ta lotsawa, irin su kafinta da tela mai wasa almakashi, da mai kilishi da ke son siririn baki a kullum.

Idan ɗaya za ka saya, mai lamba tsakanin 400 da 600 ya fi dacewa da aikin gida da na fawa. Kamfanin Tsuboman na Japan, mai yin farantin Atoma, yana fitar da lambobi 140, 400, 600 da 1200. Ƙaramar lamba ta gyaran baki ce, babba ta ƙarasawa. Mai lamba 1000 zuwa sama shi kaɗai ba zai tayar da wuƙar da ta shekara ba a wasa ba, kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne, sun fi saurin tsigewa idan aka tilasta masa.

Ka ɗora gefen rula a kan fuskarsa ka duba ta haske. Idan haske na ratsawa ta tsakiya ko ta gefe, ba shafaffe ba ne. Ka duba bakinsa ko nikel ya fara ɗagawa. Ka gwada lanƙwasa shi da hannu, mai kyau ba ya motsi. Araha dai ba ta ado, amma mai tsadar ma ba zai jure gatari ba.

Kuma kada ka bari sai ranar jajibere. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon faranti na buƙatar wuƙaƙe kaɗan kafin ya daidaita, hannunka ma na buƙatar ya saba da sassauci. Ka fara da tsofaffin wuƙaƙen ɗakin girki mako biyu ko uku kafin Sallah.

Nawa farantin yana nan. Ina kauce wa filin da ya mutu a tsakiya, ina aiki da ɓangarorin biyu, kuma tun daga lokacin shi ke wasa wuƙaƙen gidana. Bana ma zan tafi da shi Wurogauri, tare da buroshi da robar goge fensir. Na riga na roƙi Baffa ya sa a kai adduna da gatari maƙera tun da wuri, kuma duk yaron da ya zo da wuƙa ya fara biyawa ta wurin sabulu. Dattijon mahaucinmu kuwa ya aiko min cewa shi dai a bar masa dutsensa a inda yake.